Bayan An Gama Ciyawa

Wata safiya ce a watan Janairu, sanyin garin Dillon da ke jihar Montana ta Amurka ya sa gilashin shagon kofi na wata mata mai suna Wanda ya yi hazo har ba a ganin titi. Delia Haugland ta zauna a kujerar ƙurya inda ba kowa ke lura da mutum ba, ta buɗe kwamfutarta, ta ɗora yatsa a kan madanni tana jira. Tun kafin gari ya waye ta baro gonar kiwonsu da ke kwarin Big Hole, domin intanet ɗin gida ko hoto guda ba ya iya buɗewa.

A safiyar nan ake fara kama wuraren kafa tanti na watan Yuli a gandun dajin Glacier. Duk wanda bai samu a mintocin farko ba, sai kuma baɗi.

Lokaci na cika ta danna. Shafin ya yi ta juyawa, sannan ya rubuto mata cewa wani ya riga ta. Ta danna na gaba, shi ma haka. Kafin kofinta ya huce babu sauran wuri ko ɗaya.

A teburin da ke kusa da ita wani saurayi mai tabarau ya ɗaga hannuwa sama kamar wanda ya ci ƙwallo.

"Na samu, Anti Wanda. Na bakin tafkin nan ma kuwa."

"To rage murya, Malam," in ji Wanda daga bayan kanta, "daga hannun 'yata ka fizge shi."

Ya waigo. Delia ta sunkuyar da kai, ta shiga naɗe wata tsohuwar taswira ta takarda wadda duk gaɓoɓinta an liƙe su da salatif.

"Ki yi haƙuri," ya ce. "Ban san ke ce abokiyar faɗana ba. Sunana Emmett Salazar, ina koyar da tarihi a sakandaren nan. Mutumin Butte ne ni."

"Ba komai. Ai ka riga ni ne."

"Wurin yana ɗaukar tanti biyu fa. Ni kuma ni kaɗai ne, ni da tukunyar da ban iya dafa komai a cikinta ba."

Ta yi murmushi ba tare da ta ɗago ba. "Tare da innata za mu je," ta ce, tana nuna Wanda, ƙanwar mahaifiyarta.

"Shi ke nan. Ku ɗauki ɓangaren inuwa, ni in ɗauki na sauro."

Wanda ta ajiye masa biredin kirfa wanda bai saya ba, ta kalli Delia ta gefen ido. Kafin ya tafi makaranta ya karɓi lambar wayarta, wai saboda maganar tanti.

Saƙonsa na farko ya iso tun ba ta kai gida ba:

"Salama, Mai Taswira. Na duba hanya. Tsakaninmu da Glacier akwai tsofaffin garuruwa da wuraren tarihi masu yawa, kuma ni mutum ne da ba ya wuce allon bayani a gefen titi bai tsaya ya karanta ba. Na ga gara in faɗa miki aibina tun yanzu."

Sai da ta rubuta ta goge sau da yawa kafin ta aika:

"Malam, idan muka tsaya a kowane allo, dusar ƙanƙara za ta rufe hanyar dutsen Glacier kafin mu isa. Na yarda da allo ɗaya a kowace gunduma."

Haka suka ci lokacin sanyi suna jayayya a kan hanya. Duk ranar da ta shigo gari sayen kaya, sai su shimfiɗa taswirar a teburin Wanda su danne gefunanta da kwalbar gishiri. Shi yana son su fara da Bannack, tsohon garin masu haƙar zinariya da ya zama kufai, su biya ta Fort Benton su ga inda jiragen ruwa na dā ke tsayawa. Ita kuwa duwatsu take so. Ta karanci ilimin tsirrai a jami'ar Missoula, kuma in dai maganar furanni ce, kunyarta kan tafi ta bar ta. Emmett kan tallafe haɓa ya yi ta kallonta har sai ta ankara ta yi shiru.

"Ci gaba mana, rabin raina."

"Ka daina kallona haka, ina manta abin da zan ce."

Wata rana ya tambaye ta inda ta samo taswirar.

"Ta Mama ce," ta ce. "Tun kafin a haife ni take so ta hau hanyar dutsen nan a watan Yuli, lokacin da furanni ke rufe gangaren. Tafiyar wuni ɗaya ce kawai daga gidanmu. Kowace shekara Baba ya ce, Lorna, bari a gama yanka wa shanu ciyawa. In an gama ciyawa sai a ce bari a sayar da maruƙa. In an sayar, ƙanƙara ta rufe hanya. Ta rasu ba ta gani ba."

Emmett ya gyara kwalbar gishirin da ta goce daga gefen taswirar.

Abin da Delia ba ta faɗa masa ba shi ne, har lokacin mahaifinta bai san da tafiyar ba. Kullum sai ta shirya maganar a hanya, in ta ga fuskarsa sai ta tambaye shi ko ya ci abinci.

A watan Yuni ta gayyaci Emmett gida don ya gaishe shi, ya kuma faɗi abin da ke tafe da shi. Ita ta ɗauko shi a a-kori-kurar gona. Da suka iso ƙofar shingen da ke bakin titi ta tsaya ta kalle shi.

"Mene ne?" ya ce.

"Duk wanda ke zaune kusa da direba shi ke sauka ya buɗe. Dokar kwarin nan ce."

"Babanki ma yana sauka?"

"Baba? Tun da nake ban taɓa ganin ya buɗe ƙofar nan ba. Shi ne direba kullum."

Arlen Haugland dogon mutum ne mai ƙarancin magana, goshinsa fari fes inda hula ke rufewa. Ya karɓi baƙon ba yabo ba fallasa. A teburin kuma akwai Colter Nygaard, ɗan maƙwabcinsu, wanda kowa a kwarin ya daɗe da ɗauka shi zai auri Delia a haɗe gonakin biyu. Shi ma Colter haka ya ɗauka.

An ci gasasshen nama da dankali lafiya. Har Arlen ya ɗan saki fuska da ya ji kakan Emmett ya yi aikin haƙar tagulla. Wannan ya ba Emmett ƙarfin gwiwa.

"Baba, na yi alkawari zan dawo maka da ita da Anti Wanda lafiya. Tsakiyar Yuli za mu tashi, mu yi kamar mako biyu."

Arlen ya ajiye cokali. Delia ta kafa wa farantinta ido.

Colter ya yi dariya. "Tsakiyar Yuli? Malam, a kwarin nan ba a tafiya a watan ciyawa, ba a aure. Ko mutuwa ma mutum daurewa yake ya bari sai an gama."

Babu wanda ya taya shi dariyar. Lorna ta rasu ne a farkon Satumba, bayan an ɗaure tsibin ciyawa na ƙarshe. Colter ya tuna, kunnuwansa suka yi ja.

"Delia," in ji Arlen a hankali, "wa zai tuƙa taraktar tara ciyawa?"

"Baba, na so in gaya maka..."

"Shanun nan ba furanni za su ci ba in sanyi ya zo." Ya juya ga Emmett. "Na san abin da ya kawo ka, samari, ba sai ka faɗa ba. Duk wanda zai ɗauke mini ita a watan Yuli bai san gidan da ya shigo ba. Ban yarda ba."

A hanyar mayar da shi gari Emmett ya sauka ya buɗe ƙofar, ya rufe, ya dawo ya zauna. Har suka isa bai zarge ta da komai ba, wannan kuwa ya fi yi mata ciwo.

Kwanaki suka wuce saƙonninsa sun gajarce. Sannan wata safiya sanarwa ta shigo wayarta daga masu kula da wuraren tanti, domin ya sa sunanta tare da nasa: an soke wurin da ke bakin tafki.

Ta kira shi, bai ɗauka ba. Da rana Colter ya zo aron wani ƙarfe, ya jingina da shinge.

"Na ga malamin naki a gari yana loda kaya a mota. Da alama Butte ya nufa. 'Yan birni ke nan, Delia, ba sa jure a ce musu a'a."

Ta shiga rumbu ta zauna a kan buhun gishirin shanu, ta rubuta:

"Na ga ka soke. Na san laifina ne da ban gaya wa Baba da wuri ba, na bar ka ka ji kunya a gabansa. Amma da ka faɗa mini da bakinka. Na gode da duk abin da ya wuce."

Amsar ta zo da yamma:

"Mai Taswira, babu abin da ya wuce. Ina Butte, na je gaya wa mahaifiyata ba za ta gan ni ba wannan hutun. Wayar na jaka. Ban faɗa miki ba don na san za ki hana ni. Ki ajiye mini kofi ranar da za a fara yanka."

Ba ta gane ba sai ranar. Hantsi bai yi ba ta hango wata ƙaramar mota ta tsaya a ƙofar shinge, direban ya fito ya buɗe da kansa, ya shigo, ya sake fita ya rufe. Emmett ne, da sabuwar safar hannu wadda ko takardar kuɗinta ba a cire ba.

"Baba, malaman makaranta ba su da aiki a lokacin zafi," ya ce da Arlen. "Na zo ciyawa. Ba na son lada. Ɗakin ma'aikata ma ya ishe ni."

Arlen ya dube shi daga hula har takalmi. "Wannan ba zai canza maganata ba."

"Na sani."

"To hau sama."

Sama shi ne kan tsibi, aikin da kowa ke gudu. Mutanen kwarin har yanzu wasunsu da dogon tsanin katako suke tura ciyawa sama, ta zubo gaba ɗaya a kan wanda ke tsaye a can, shi kuma ya baje ta da sanda mai yatsun ƙarfe kafin wata ta biyo. Zubowar farko ta binne Emmett har wuya. Ya fito yana atishawa, yana laluben tabarau.

"Malam, akwai allon bayani a can sama?" Colter ya yi masa ihu daga ƙasa, domin gidajen biyu tare suke aikin ciyawa.

"Akwai," in ji Emmett. "An rubuta cewa a nan wani ɗan Butte ya rasu."

Har Arlen sai da ya juya baya don kada a ga bakinsa.

Da aka tashi cin abincin rana Delia ta same shi a inuwar tarakta, ta kama hannuwansa ta juya. Duk sun yi bororo.

"Ka zubar da wurin da ka sha wahalar samu," ta ce. "Furannin Mama fa?"

"Ina ta tunanin maganar da kika yi," ya ce. "Mamanki tana da mota, ta iya tuƙi, tafiyar wuni ɗaya ce. Me ya hana ta zuwa ita kaɗai?"

Delia ta ɗago ta dube shi.

"Ni dai a ganina da Babanki take so ta je. In muka tafi muka bar shi da ciyawa a ƙasa, mun ga furanni, amma ba za ki ji daɗinsu ba. In hannu ya ƙaru, a gama da wuri. Can sama ƙanƙara ba ta narkewa da sauri, ke kika gaya mini. Wataƙila furannin su jira mu."

Ta ɗauko man shafawar da ake sa wa nonon shanu ta shiga shafa masa. "Kai dai wawa ne, Malam," ta ce, hawaye na ɗiga a kan tafinsa.

Makonni suka tafi a haka. Sauron kwarin ya cinye masa wuya, rana ta ƙone masa hanci. Kowace asuba kafin a fita yakan hau tudun bayan rumbu, inda intanet ke ɗan kamawa, ya duba ko wani ya fasa wurinsa a Glacier. Arlen na ganinsa ta taga, bai taɓa tambaya ba.

Wata yamma hadari ya taso daga yamma alhali akwai yankakkiyar ciyawa shimfiɗe a fili. In ruwa ya same ta, ta lalace. Arlen da kansa ya hau tsibin ya taya Emmett, suka yi ta bajewa kafaɗa da kafaɗa, Delia na turo musu da tarakta kamar za ta tashi sama. Ɗigon farko ya sauka daidai lokacin da suka rufe kan tsibin.

Suka zauna a can sama suna haki, ruwa na dukansu.

"Me kake nema a kan tudun nan kullum?" in ji Arlen.

"Wurin tanti, Baba. Shekaranjiya na samu, na tsakiyar Agusta. Mai ɗaukar tanti biyu."

Arlen ya daɗe yana kallon duwatsun da ruwa ya lulluɓe.

"Taswirar nan," ya ce, "a gidan mai na saya wa Lorna ita, shekarar da muka yi aure."

Ya miƙe ya sauka.

An gama ciyawa da wuri fiye da yadda tsofaffin kwarin suka saba gani. Ranar da aka ɗaure tsibin ƙarshe Wanda ta kawo abinci daga gari, aka ci a fili. Arlen ya goge baki, ya kalli 'yarsa.

"Colter ya ce ba a aure a watan ciyawa. Gaskiya ya faɗa." Ya miƙe ya kaɗe wandonsa. "To ciyawa ta ƙare. In har yanzu kina son malamin nan, da hancin nan nasa mai saɓa, ni na ba shi ke."

Delia ta rufe fuska da hularta. Wanda ta ce ita dai tun watan Janairu ta fitar da rigar auren Lorna ta shanya, jira kawai take mazan gidan su waye.

Colter ya zo ya miƙa wa Emmett hannu. "Ka fi ƙarfina, Malam. Ni sau ɗaya na hau saman nan a rayuwata, ban sake ba."

Ranar Asabar aka ɗaura auren a tsohuwar majami'ar katako ta Bannack, garin da Emmett ya so su fara da shi. Mutanen kwarin suka zo da fararen goshi da hannuwa masu kanta, dangin ango suka zo daga Butte da tukwanen abinci. Mahaifiyar Emmett ta rungume amarya ta ce mata ta gode da ta samo wa ɗanta aikin da ya sa shi yin shiru. Da Fasto ya tambayi wanda ya ba da wannan yarinya, Arlen ya ce, "Ni da mahaifiyarta," ya zauna da sauri.

Washegari da safe aka loda a-kori-kura: tanti biyu, tukunyar Emmett, kwandon biredin Wanda. Wanda ta shige kujerar baya tana cewa ita ba ta taɓa jin amarcin da ake tafiya da tsofaffi ba, amma ba za ta sauka ba. Delia ta zauna kusa da ita da taswira a cinya. Colter ya riga ya yi alkawarin duba shanu.

Arlen na tsaye a bakin baranda da kayan aikinsa na kullum.

"Baba, wurinka na nan," in ji Delia.

"Akwai shingen da ya faɗi a gefen rafi."

"Colter zai gyara."

"Bai iya ɗaure waya ba." Ya juya makullin motar a hannunsa, sannan ya miƙa wa Emmett. "Tuƙa. Zan raka ku ƙofa kawai."

Ya zagaya ya zauna kusa da direba. Suka isa ƙofar bakin titi. Emmett ya tsaya. Arlen ya yi zaune yana jira kamar yadda ya saba, sai can ya lura da kujerar da yake kai. Wanda ta yi tari don ta ɓoye dariya.

Ya sauka ya cire sarƙar, ya ja ƙofar, motar ta wuce ta tsaya a gefen titi. Delia ba ta iya waiwayawa ba. Ta madubin gefe take kallo, ta ƙanƙame taswirar. Mahaifinta na tsaye riƙe da ƙofar, gida a bayansa da tsibin ciyawa jere har gindin dutse, titi a gabansa. In ya rufe ta daga ciki, shi ke nan.

Ya daɗe a haka. Sannan ya tako waje, ya jawo ƙofar a bayansa, ya maƙala sarƙar, ya jijjiga ta don ya tabbatar.

Da ya dawo ya zauna, ya miƙa hannu baya ba tare da ya juya ba, Delia ta kama.

"Allah ya yi muku albarka, ku duka biyu," ya ce. "Ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu jin magana fiye da ku. Abin da kuka ce za ku yi tare, ku yi shi a shekarar da kuka faɗa."

"Amin, Baba," in ji Emmett.

"Na gode, Baba," in ji Delia.

Arlen ya gyara hularsa. "Ba ni taswirar nan, na kusa da direba ke riƙe ta. Kai kuma Malam, allo ɗaya a kowace gunduma. Ina so in ga furannin nan kafin su gaji da jira."